Kartar Bokayen Yayana

Ina aji na uku a kwalejin Illela aka kawo yayana gida Badaguishiri a kwance. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana ɗaukar albasa zuwa Konni har ya ƙetare iyaka. Wajen sauke kaya buhuna suka zubo masa, cinyarsa ta karye. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce wata uku ba tashi.

Da na zo babban hutu na tarar da shi a zaure kan katifa, ya rame, ba ya son magana. Abokansa na tasha sun yi zarya sati biyu, sannan ƙafa ta ɗauke. Wanda bai fasa zuwa ba shi ne telan unguwarmu, abokinsa tun suna lakwal, wato makarantar boko, kullum bayan la'asar.

Wata rana Yaya ya ce in samo masa kwalayen sukari da almakashi da bik na rubutu. Ya ce a wata tafiyarsa ya ga ɗalibai suna wata karta mai hotunan matsafa, kowa yana tara tasa rundunar kafin a kara, shi ma zai yi tasa. Kwana huɗu yana yanka yana zane. Ya zana da yawa, ciki har da bokan ruwa, bokan guguwa, ɗan tauri, mai rikiɗa kura, da mai layar zana wanda ba a ganinsa balle a buge shi. Kowace karta ya rubuta mata ƙarfinta a kusurwa. Inna ta leƙo ta ga hotunan, ta ce ba ta son bokaye a gidanta ko na kwali ne. Amma ran nan Yaya ya cinye tuwonsa tas, sai ba ta sake tayar da zancen ba.

Wasan kansa bai ba mu wahala ba. Rabon kartar ne ya hana mu sakat. Da farko mun cakuɗa mun raba kamar kartar da aka saba, sai ya zama duk wanda mai layar zana ya faɗo hannunsa ya ci tun ba a fara ba. Muka baje su a tabarma kowa ya ɗauka bi da bi, sai aka koma gardamar wa zai fara, har tela ya yi fushi ya tafi bai yi sallama ba. Washegari ya dawo da dabarar watanda: a kasa kashi uku kamar nama, mutum ɗaya ya juya baya ya faɗi mai kowane kashi. Ni na ga adalci a ciki. Yaya ya ƙi. Ya ce wannan sa'a ce tsagwaronta, shi kuwa yana son wasan da mutum zai zaɓa da kansa, in ya faɗi ya san shi ya jawo.

Ni ce na kawo shawarar da ta zauna, kuma a gidan suna na samo ta, inda na ga farantin goro yana zagaya mata, kowace ta ɗauki ɗaya ta miƙa gaba. Na ce a ba kowa karta shida a rufe, ya duba ya zaɓi ɗaya, ya miƙa sauran ga na damansa, haka har su ƙare. Yaya ya yi lissafi da yatsu, sannan ya ce a gwada. Mun yi kwanaki muna gyara. Da muka lura tela ne kullum ke samun ragowar Yaya, sai muka ce zagaye na biyu a miƙa hagu. Daɗin abin shi ne kana riƙe da karta biyu, ɗaya kana bukata, ɗaya kuma ka san in ka sake ta maƙwabcinka zai kashe ka da ita.

Sai dai ni da tela mun shiga wani abu ba tare da mun yi shawara ba. In karta mai ƙarfi ta zo hannunmu, sai mu bar ta ta wuce wurin Yaya. Yana ci yana murna, mu ma muna jin daɗi.

Ranar da ya gane, mai layar zana na cikin shidan farko da aka ba shi. Da gangan ya ƙi ɗauka ya miƙa. Ta bi ta hannun tela, ta bi ta nawa, ta koma masa. Ya ajiye ta a buɗe kan tabarma, ya dube mu.

"Ku biyu duk ba ku gan ta ba?"

Tela ya soma kame-kame, wai idonsa ya gaji da ɗinki. Ni na sunkuyar da kai.

"Ƙafata ce ta karye," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Kaina lafiya lau yake. In tausayi za ku yi mini, ku bari in koma barci."

Na ce, "Yi haƙuri, Yaya. A sake rabawa."

Aka sake. Na ɗebe duk abin da na san yana nema, na bar masa tarkace, na cinye shi sau uku a jere. A na ukun ya yi dariya har ya riƙe cinyarsa don zafi, ya ce ashe mugunta ake koya mana a kwaleji.

Hutu ya ƙare kafin a kwance ɗorin. Ƙafar ta warke amma ta gajarce kaɗan, bai sake jan babbar mota ba. Ya koma lambun Baba a fadama, yana noman albasar da a da yake ɗauka. Da na dawo hutun gaba, na same shi a rumfar tela da mutum biyar kewaye da tabarma, kartar ta ƙaru har sai da aka samo mata gwangwanin madara. Suna gardama ko shida ta isa in 'yan wasa sun yi yawa. Yaya ya matsa mini wuri kusa da shi, ya ce a tambaye ni, tunda ni na ƙirƙiro rabon. Na ce a mai da ita takwas, aka raba da ni.