Jirgin Orrin da Nauyin da ke Kan Lasisi

Ƙanena Orrin Tollefsen ya yi shekara talatin da ɗaya yana auna motocin masara a rumbun hatsin garinmu, nan tsakiyar Minnesota. Tun mota tana shan kwana, bai ko ajiye kofin hannunsa ba, zai faɗi nauyinta, in ta hau sikeli kuma ka tarar bai kuce da laba ɗari ba. Wannan baiwa ita ta lalata mana shi. Ka ce masa yau ana sanyi, sai ya gaya maka ko digiri nawa ne. Ranar da muka binne mahaifinmu ma sai da ya raɗa min a kunne cewa mutum shida sun yi wa ɗaukar akwatin gawar yawa, huɗu sun isa. Ni Bernice na girme shi da shekara bakwai, ni na yi rainonsa, saboda haka ina da ikon faɗin duk abin da na ga dama a kansa.

Matarsa Marlys kuwa baiwar Allah ce. A kicin ɗin makarantar firamare take aiki, tana ciyar da 'ya'yan mutane, kuma tun da na san ta ban taɓa jin ta roƙi wani abu don kanta ba. Ko gishiri take so a tebur sai ta jira wani ya fara ɗauka. To wata rana cikin hunturu, tafki ya daskare har motoci suna bi ta kansa, muna cin abinci a gidansu, sai ta ce a hankali, "Ni fa kafin in cika hamsin da biyar, ina so in tsaya a kan allon nan sau ɗaya."

Duk mun san allon da take nufi, wanda matasa ke ɗaura wa ƙafa, su riƙe igiya, jirgin ruwa mai inji ya ja su suna zamiya a kan ruwa. Tana budurwa, da sandunan zamiya irin na da, babu wadda ta kama ƙafarta a tafkin nan. Sai aure, sai haihuwa, sai tukwanen makaranta. Orrin ya ajiye cokali ya ce, "An gama." A ranar ya fara neman jirgi, ita kuma ta fara zagaya filin makaranta kullum da safe, cikin sanyin da ko kare ba ya fita.

Jirgin bai ba shi wahala ba. Inji ne ya zama abin nazari, don gwani ba zai sayi inji kamar sauran jama'a ba, sai ya yi lissafi. Lissafin kuma yana bukatar nauyin duk wanda zai hau, mu tara. A nan aka samu matsala, don a wajenmu gara ka tambayi mutum wa ya zaɓa da ka tambaye shi nauyinsa. Sai malamin naku ya ɓullo da dabara. Ranar Ista, bayan an ci an ƙoshi, ya ce kowa ya ba shi lasisin tuƙinsa, wai zai cike takardun jirgi.

Kowa ya san yadda nauyi ke hawa kan lasisi a jiharmu. Babu sikeli a ofishin. Matar da ke bayan tebur ta tambaye ka, ka faɗa, ta rubuta ba tare da ta ɗaga kai ba, Allah ya saka mata da alheri. Nawa yana cewa laba ɗari da talatin da biyar, kuma gaskiya ne, haka nake ranar aurena. Mijina Vernon, wanda kujerar coci ke kuka in ya zauna, nasa yana cewa ɗari da tamanin. Haka Orrin ya kwashe ƙaryar mutum tara, har da tasa, ya jera a takarda, ya ja layi da rula, ya manna a ƙofar firij kamar sakamakon jarrabawa.

Ranar sayen inji na bi su, don ba a yin irin wannan ba ni. Mai shagon ya nuna mana biyu, ɗaya mai ƙarfin doki ɗari da goma sha biyar, ɗaya mai ɗari biyu. Ya karanta takardar Orrin. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi Orrin, ya dubi Marlys, ya sake duban takarda.

"Yallaɓai, in dai wannan lissafin daidai ne, ƙaramin zai yi," in ji shi. "Amma in mutanenka sun ɗan fi haka, ka gane ai, ka ɗauki babban."

Marlys ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta, kunnuwanta suka yi ja.

"Lissafina daidai yake," in ji Orrin. "Ɗaura ƙaramin."

Na ce a raina, to madalla, girman kai ya sayi inji.

Ranar zagayowar haihuwarta ta faɗo a watan Yuli, rana ta fito fes, tafki kwance lumui. Muka shiga mu tara, da kula biyu cike da ƙanƙara da lemo, da kwanon dankalin da na dafa, da kujerar Vernon ta musamman. Tun a bakin gaɓa na ga jirgin ya zauna ƙasa, ruwa ya matso kusa da mu fiye da yadda nake so. Orrin na riƙe da sitiyari, da sabuwar hula, sai ka ce shi ya haƙa tafkin.

A tsakiyar ruwa Marlys ta saka rigar ceto, 'yarsu Kirsten ta ɗaura mata allo, ta sulale ciki. Ta riƙe igiya, gwiwoyi a ƙirji, ta ce, "Na shirya!"

Orrin ya tura inji har ƙarshe. Wayyo, ka ji ƙara kamar za a tashi sama! Jirgi ya ɗaga hanci yana kallon gajimare, gindinsa ya nutse, muka kama tafiya irin ta tarakta a gona mai laka. Shi wannan wasa, sai jirgi ya fizge ka da sauri ka hau kan ruwa. In bai fizga ba, jan ka kawai zai yi ta yi a ciki. Haka aka ja Marlys, ruwa na dukan fuskarta, har igiya ta kuɓuce mata.

"Saura kaɗan, Mama!" in ji Kirsten. Ƙarya ce, ko kusa ba ta yi ba.

Aka sake. Aka kuma sakewa. A karo na huɗu ta daɗe tana riƙe da igiyar, sannan ta saki. Da muka zagayo kusa da ita tana tari, leɓenta ya fara canza launi. Ta yi mana murmushin nan nata na kicin ɗin makaranta.

"Ku ja ni ciki," ta ce. "Ba laifin kowa ba ne. Na tsufa, na yi nauyi, ni ce ban san kaina ba. Ku yi haƙuri na ɓata muku rana."

Wallahi sai na ji kamar an soka min wuƙa. Wata shida matar nan tana zagaya fili cikin sanyi, yanzu ita ce ke ba mu haƙuri. Na tsallake ƙafafun Vernon na isa wurin Orrin, na kama kunnensa kamar yadda nake yi yana ɗan shekara biyar.

"Kai, gwanin sikeli," na ce ƙasa-ƙasa, "kai da kake auna tirela da ido, yanzu ka dubi Vernon ka yarda laba ɗari da tamanin ne? Sannu da ƙoƙari!"

Bai dube ni ba. "Ɗari biyu da sittin da biyu ne," ya ce. "Ke kuma ɗari da casa'in."

"Ban tambaye ka nawa ba! To da ka sani, uban me ya hana ka sayen babban?"

"Yaya, ba ki ga fuskarta a shagon ba? Takardar na kan firij, kullum tana gani. In na ce a ɗaura babban, ai na ce mata maƙaryaciya a gaban baƙo. Na ɗauka zai ɗan taɓa."

Na saki kunnen. Shekara da shekaru ina yi wa yaron nan kallon mai taurin kai, ashe wawa ne kawai, irin wawan da ke son matarsa. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Ya miƙe tsaye, jirgi ya yi tangal-tangal. Ya ɗaga murya yadda har masu kamun kifi a can gefe sai da suka juyo.

"Marlys! Sake kama igiyar nan! Ba ke ba ce, injin ne. Na yi kuskure a lissafi. Ni ma laba arba'in na rage a nawa!"

Ni dai tun da aka haife shi ban taɓa jin kalmar kuskure ta fito daga bakinsa ba. Ya ce wa Kirsten ta karɓi sitiyari, mijinta ya zauna a baya ya sa ido a kan igiya. Ya ja zip ɗin rigar cetonsa, ya taka gefen jirgi, ya faɗa ruwa tsulum, da hularsa da komai.

Kowa na kallon kowa, don a wajenmu ba a son mutum ya fara abu. Na tuna jiya-jiyan nan na gyara gashina. Na ce, "Vernon, tashi."

"Ni? Ai ni ɗari da tamanin ne kacal."

"Tashi ko in tura ka da kujerar!"

Ƙarar faɗawarsa sai da ta kori agwagi. Na bi bayansa, sauran suka biyo ni, har da surukar Kirsten da ke ta salati irin namu na coci tana toshe hanci. Mu shida muka jeru a ruwa, kawuna kawai, kamar kabewa a rafi. Jirgi kuwa ya taso sama ya zauna daidai, ya numfasa.

Kirsten ta miƙar da igiya, ta waiga. Marlys ta gyaɗa kai. Inji ya yi ƙara, jirgi ya zabura, sai ga matar nan ta ɓullo daga cikin ruwa ta miƙe tsaye cak, bayanta a miƙe, furfurarta na tashi. Ta ƙwala wani ihu da ban san tana da shi a ciki ba.

Orrin ya damƙi hannuna. Sai a lokacin na lura tabaransa ya tafi ƙasan tafki wajen faɗawa, shi kuwa in babu shi ko fuskar mutum ba ya rarrabewa.

"Yaya, ta tashi?"

"Ta tashi."

"A tsaye?"

"A'a, a kwance, da matashin kai. A tsaye mana!"

"Faɗa min. Don Allah faɗa min abin da take yi."

Na faɗa masa. Na ce ta karkata hagu, ta haye kumfar jirgi, ta fita fili, tana dariya baki har kunne. Yana ta share fuska da tafin hannu, wai ruwan tafki ne ke shigar masa ido. Kirsten ta yi babban kwana ta dawo ta gabanmu, Marlys ta saki hannu ɗaya daga igiya tana ɗaga masa, tana kiran sunansa.

Shi ma ya ɗaga hannu da iyakar ƙarfinsa, yana ɗaga wa wani jirgin masu kamun kifi. Na kama kafaɗunsa na juya shi ya fuskanci matarsa.