Karen da ke Ƙarƙashin Maho

Mun sha wuya, ba wani daɗi a ciki. Riga guda ce rabon yaro a shekara, ita ma sai in albasa ta yi kuɗi.

Abin da ya tono min wannan, ɗiyata ce. Kullum na dawo daga kabu-kabu a hanyar Kajiji, ƙuguna kamar zai tsinke, sai ta karɓe wayata ta hau wasan nan na wani kare matsoraci da abokansa masu bin fatalwa. In sun kama fatalwar suka tuɓe mata fuska, sai ka ga ashe mutum ne. Jiya ta ce ta ga jakar makaranta mai hoton karen a kasuwar Bodinga, ita take so.

Ni kuwa na san karen nan tun kafin uwarta ta yi haƙori. Sau ɗaya na gan shi a talabijin, ta tagar gidan wani ma'aikaci a Bodinga, ranar da muka kai gero. Sai ga shi wata shekara, ana jibi Sallah, Kawu ya dawo daga Kurmi a motar albasa, ya miƙo min rigar gwanjo, karen a ƙirjinta. Har yau ina jin ƙamshin dilar gwanjon da ta fito ciki.

Ban kai ƙofar gida da ita ba Kaka ya hango ni daga inuwar rumbu.

"Taho nan. Mi na gani haka? Kare, kuma hoto? Mala'iku ta ina za su shigo muna? A sa wuta."

Ba a musu da Kaka. Inna ce ta durƙusa ta ce, "Baba, a yi haƙuri, ba shi da wata. Ni zan gyara."

Gyaran shi ne ta yanko tsohon zanenta, ta rufe karen ruf, ta bi da allura ɗinki kan ɗinki. Haka na je Idi, sabuwar riga da maho a ƙirji. Yara suka yi ta ihu, wai ɓera ya riga ni sa kayan Sallah. Na rantse musu akwai kare a ciki, babu wanda ya yarda. Shekara biyu ina sa rigar. In ina tsaron tsuntsaye a gonar dawa, nakan shafa mahon, in ji tudun kunnensa a ƙasa. Iyakar kallon da na yi masa ke nan.

Ban ce Kaka ya yi laifi ba. Abin da ya sani ya tsare. Amma ya rasu, talabijin ta shigo, waya ta shigo, karen ya shigo gidan ta aljihuna, ko sallama bai yi ba.

Inna tana nan da ranta, tana tsintar wake lokacin da yarinyar ke roƙo. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Sayo mata. In ka kawo, ka ba ni. Ina da sauran ƙyalle."

Yarinyar ta yi tsalle, ba ta gane ba. Ni na gane.

Da safe na shiga ɗakin Inna na gaishe ta. Tana lazimi, na zare allurarta daga jikin labule, na soke a cikin hulata. Sannan na buga babur, na kama hanyar Bodinga.