Kitsen da Salmanu Ya Yanke

Salmanu mahauci ya sayar wa Muslimat naman turka a matsayin naman kiwo, ya kuma yanke kitsen tsaf don kada ta gane.

Wanda bai san Muslimat ba a Birnin Gwari, to bai taɓa haɗa gara ba, bai kuma taɓa yi wa matafiyi guzuri ba. Ita ce mai dambun nama ta bayan kasuwa. A Kutemeshi aka haife ta, a gindin turmin kakarta ta koyi sana'a, kuma magana ɗaya tsohuwar ta dasa mata a ka: dambu ba ya son saniyar da ta ji daɗi. Wadda ta yi yawo a daji, ta ci ciyawa, ta sha rana, ita ce mai tsoka zalla. A dafa, a daka, ya warware sili-sili kamar auduga, a soya, ya yi watanni lafiya lau. Shi kuwa sa na turka, da aka ɗaure a gida ana ɗura masa dusa da dawa, kitse ya riga ya ratsa cikin namansa. A balangu babu kamarsa, ita kanta Muslimat in ta samu har lumshe ido take yi. Amma a dambu? Mai zai kwanta a gindin bokiti, kwana kaɗan ya soma wari.

Gane su ba wuya. Kitsen saniyar kiwo ruwan ɗorawa ne, na turka fari fat. A shekarun da daji ya ƙi shiguwa kowa ya koma turka, baki ya saba da laushi, har ta kai in an ga kitse ruwan ɗorawa sai a ce tsohuwa ce ko mai ciwo. Muslimat kaɗai ke bin tebur-tebur tana neman abin da kowa ke gudu, mahauta na mata tsiya: "Ga mai neman jijiya nan ta iso!"

Sai maƙwabcinta Enoch ya roƙe ta bokiti guda, 'yarsa Gloria za ta tafi karatun jinya a Kudu. Ranar ciwon ƙafa ya hana ta zuwa kasuwa, ta buga wa Salmanu waya, don taubashinta ne. Ya kawo jan nama, babu ɗigon kitse a bayansa. Tun a tukunya ta ga mai yana tasowa, ta ce ƙila damina ce ta karɓi saniyar.

Ba a jima ba Gloria ta bugo gida, dambu ya yi wari, ta zubar. Daga nan gaisuwar uwarta da Muslimat ta gajarce. Masu bikin da suka ce za su kawo aiki kuma aka ji su shiru. Muslimat ta buɗe ɗan ragowar da ta ajiye a gwangwani, ta shinshina, ta ɗauki mayafi da cokali, ta ɗingisa kasuwa.

"Salmanu, buɗe baki."

"Yaya Muslimat, lafiya? Azumi nake."

"Azumin Talata, da goro a kumatu? Buɗe!"

Ya karɓi cokali guda, fuska ta yamutse kamar tsohon takalmi. Mahauta suka kwashe da dariya, wani har yana buga wuƙa a tebur.

"Wallahi karramawa na yi miki!" in ji shi yana tofarwa. "Sa ne da alhazai ke layi a kansa. Na ce yau dai 'yar'uwata ta huta da tauna igiya."

"To me ya sa ka yanke kitsen?"

"Don na san halinki."

"Ka san halina, ba ka san turmina ba. Ƙara cokali."

Bai ƙara ba, amma ya yi abin da ya fi cokalin ɗaci. Ya nemo cinyar saniyar kiwo da kitsenta a jiki, ya ɗauko a kafaɗa har gidan Muslimat, sannan ya yi sallama ƙofar Enoch ya faɗi da bakinsa wanda ya yi laifi. Sabon bokiti ya bi mota zuwa Kudu. Da Gloria ta sake bugowa kuka take yi na daban: 'yan ɗakinsu sun kusa cinye mata. Masu biki suka dawo, wai dama hidima ce ta riƙe su.

Sunan Muslimat ya dawo, amma da ƙyar, kuma ba kowace mace ke da taubashi a mahauta da za ta ɗura wa cokali ba. Saboda haka, Sarkin Fawa, da ku masu tebur: ku bar kitse a jikin nama mu gani da idonmu. Ku rataye na turka daban, na kiwo daban. Mai son laushi ya ɗauki nasa, mai turmi ta ɗauki nata. Ku daina zaɓar mana.