Yayen Ɗan Fari

A zamaninmu mace ba ta nuna tana son ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai har wata ta zo ta ɗaga shi. Kunya ke nan, kuma da ita ake gane irin gidan da mace ta fito. Ni dai an yabe ni a kanta ƙwarai.

Muna zaune a Fagge lokacin, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, Turawa ba su tafi ba tukuna. Maigidana tela ne, kekensa na bakin wani kantin yadi a Kantin Kwari. Ni kuwa ba mai fita ba ce. Duniyata tsakar gida ce, da murhu, da surutu da matan gidan, don baki kam Allah ya ba ni. Sai kuma yaron nan.

Yaron nan nake ce masa, ko wancan. A waje ke nan. In muka shiga ɗaki na saki labule, ba irin shirmen da ba ma yi. Ya fara tafiya da wuri, yana tangaɗi kamar ɗan agwagwa, ya bi kajin maƙwabta har ƙarƙashin gado, ya jefa mini ludayi cikin randa. In na cika surutu sai ya sa tafin hannunsa ya toshe mini baki. Tashar jirgin ƙasa ba ta da nisa da mu, da ya ji jirgi ya yi kuka sai ya tsaya cak, ya kumbura kumatu ya mayar masa. Na san muryarsa kamar yadda na san tawa. Kukan yunwa daban, na rigima daban, na ciwo kuwa ko ina daka zan ji shi ta cikin ƙarar taɓarya.

Akwai wata mata da ke kawo wa maigidana ɗinki, Kirista ce daga wajen Zariya, mijinta akawu ne a jirgin ƙasa, suna zaune a Sabon Gari. Takan biyo ta gidanmu karɓar kaya, har muka saba. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita 'ya'yanta a cinya take ɗora su, babba da ƙarami, ta yi ta kiran sunansu har a titi. Abin nawa dariya yake ba ta.

"Ke wai ɗan nan a bakin tasha kika tsince shi?"

"Ɗan mutane ne, Yaya, riƙo aka ba ni."

"To ba ni shi mana, ni ina so. In haɗa miki da kwanon gari."

Sai matan gida su kwashe da dariya, ni ma in yi.

Da ya kusa shekara biyu, uwar mijina ta aiko daga ƙauyensu a ƙasar Ringim, wai a kai mata mijinta ta yaye shi. Haka kakanni ke kiran jika namiji, da wasa. Al'ada ce kaka ta karɓi yaro har ya manta da nono, sannan a dawo da shi. Amma kowa ya san ɗan fari ba kullum yake dawowa ba. Da na gaya wa Yaya, ta ce in shafa maɗaci a nono in yaye shi a ɗakina, kamar yadda ta yi wa nata. Na ce mata ita ba ta san mutanenmu ba.

Bazara ce, zafi kamar a gasa mutum, kuma baƙon dauro ya shigo gidan namu, wato ƙyanda, ya kwantar da 'ya'yan ɗakin da ke kusa da mu. Da safen da za mu tafi na ji yaron ya yi wani tari busasshe, irin wanda na yi ta ji ta bango. Na duba idonsa, ya yi ruwa-ruwa.

Na ce wa maigidana, "Malam, ko a ɗaga tafiyar nan?"

Ya daɗe yana gyara hularsa. Shi ma fa ɗan farinsa ne, kunyar da ke kaina tana kansa.

"Inna na jira. In aika in ce mata me? Mun kasa rabuwa da shi?"

Na ɗaure kaya.

Ranar na fara shiga jirgi. Bencin katako, hayaƙi na shigowa ta taga da ɓurɓushin gawayi, ga kaji a kwando, ga masu tallan rogo da dafaffen ƙwai a kowace tasha. Malam ya zauna can cikin maza, ni ina cikin matan da ba su san ni ba. Jirgin ya yi kukansa, yaron bai mayar masa ba, yana kwance lamo a bayana, zafin jikinsa na ratsa zanina. Na kwance goyon na dawo da shi ƙirjina. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaya, "Na nawa ne?"

Na ce, "Na uku."

Ƙarya na yi mata, kuma da ita na sami abin da ban taɓa samu ba. Na rungume shi a gaban jama'a, na shafa kansa, na yi ta kiran sunansa a fili ina yi masa 'yar waƙa, ba wadda ta ko kalle ni. Da hanyar ta fi haka tsawo da na so.

Daga tasha muka hau jakuna zuwa ƙauyen. Inna ta fito da guɗa ta fizge shi daga hannuna.

"Ga angona ya iso. Dubi ƙafa kamar ta zabo. Me suke ba ka a birnin, iska?"

Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa. Tsakar gidan cike da mata. Na tattara duk ƙarfin da nake da shi na ce, "Inna, kamar jikinsa da ɗumi."

Ta taɓa wuyansa. "Zafin hanya ne, ga kuma haƙori."

Sai wata daga gefe ta ce, "Ku ji 'yar birni. Tun ba a raba su ba ta fara neman dalili."

Aka yi dariya. Maganar baƙon dauro tana bakina, sai na haɗiye ta. Da yamma na ja shi bayan rumbu na ba shi nono na ƙarshe, bai ma sha sosai ba. Washegari aka ɗauke shi zuwa maƙwabta don kada ya ga fitarmu, muka kama hanyar tasha.

A Fagge na ɗaure ƙirjina da ɗankwali saboda nono ya cika yana zogi. Matan gida suna ta yaba mini, wai ko a fuska ban nuna ba. Ina yin tuwo in zuba har da ɗan ƙoƙonsa, sai na tuna in mayar cikin tukunya.

Bayan 'yan kwanaki wani mai fataucin gyaɗa daga ƙauyen ya yi sallama da Malam a zaure. Sun rage murya, amma ni kunnena ba ya barin magana ta wuce. Na ji ya ce, "Baƙon dauron ya feso masa ko'ina, har ido ba ya buɗewa." Malam ya shigo ya ce mini mutanen gida suna gaishe ni.

Na ce, "Na ji sauran."

Ya zauna a bakin gado. Ba wanda ya ce a tafi. Uwa ta bi ɗan fari gidan yaye, abin faɗi ne har jikoki.

Yaya ce ta zo ta tarar da ni zaune ban ko hura wuta ba. Da ta ji, ba ta zauna ba, ta wuce Kantin Kwari ta sami Malam a kan kekensa. Shi ya ba ni labari daga baya. Wai ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, in kunya ce ta hana ka, ni ba ni da ita. Ara mini matarka, ka ce ni na matsa." Ta biya asibitin mishan da ke Sabon Gari ta karɓo maganin ɗigawa a ido, da safe muka shiga jirgi ni da ita.

Mun tarar ciwon ya fara sauka. Yana kwance a kan tabarma a ɗakin Inna, fatarsa na saɓulewa kamar ta dafaffen dankali, leɓe duk ya tsage, wuyan nan ya zama siriri. Ita ma Inna ta rame, ido ya faɗa. Tun da ya kwanta ba ta bar ɗakin ba, da yatsa take ɗiga masa zuma da kunun tsamiya. Ba zan ɗauki alhakinta ba, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan.

Yaya ta wanke masa ido da ruwan ɗumi ta ɗiga maganin. Da ya iya buɗewa ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sai ya juya ya cusa fuskarsa cikin zanin Inna.

Aka fito tsakar gida, mata suka taru ganin baƙuwar Sabon Gari. Yaya ta gyara zama ta ce, "Inna, ki yi haƙuri da ni, ni baƙuwa ce. Da za ki bari mu tafi da shi Kano, a duba idon nan sosai, ya ƙarasa warkewa wajen uwarsa."

Inna ba ta yi fushi ba. Ta dube ta, sannan ta juyo gare ni.

"Ga uwarsa nan ai. Ke 'yar nan, kina so ki tafi da shi?"

Duk idon gidan ya dawo kaina, har da wadda ta ce mini 'yar birni. Na san amsar da ake jira, tun ina ƙarama nake jin ta a bakin manya. Na sunkuyar da kai.

"Inna, ai naki ne."

Mata suka ce madalla, wannan 'yar gidan mutunci ce. Inna ta ce Allah ya yi mini albarka. Yaya ta nuna mata yadda za ta riƙa ɗiga maganin, ta bar mata kwalbar. A jirgin komawa Kano, Yaya ta ɓare gyaɗa ta zuba mini a hannu.

Idon ya warke, alhamdu lillahi. A can ya girma, a can ya yi karatun allo, ya zama manomi. Na haifi wasu bayansa, na goya su, na kira sunansu yadda na ga dama. Shi kuwa in ya zo Kano sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, Innar Kano yake ce mini. Yaro mai ladabi, bai taɓa zuwa hannu sake ba. Mu gaisa, in tambayi damina, ya tambayi ƙannensa, sai magana ta ƙare, ni da ba na rasa abin faɗi.

Shekaru da yawa bayan haka, Inna ta tsufa ƙwarai, na je jinyarta. Ina ba ta kunu da rana, mu biyu kaɗai a ɗaki, sai ta riƙe hannuna.

"Ranar nan da kuka zo da matar Sabon Gari," in ji ta, "da gaske na tambaye ki. Na gaji, ga tsoro kada ya mutu a hannuna. Da kin ce kina so, da na goya miki shi da kaina."

Na ce, "Ya wuce, Inna. Sha kunun kada ya huce."

Ta sha. Na fita da ƙoƙon na zauna a bakin rijiya, na daɗe ban wanke shi ba.