Wuƙar da Ba Ta Cika Gidanta Ba

Matso kusa ka gyara zama, in ba ka labarin matar nan da ke wasa wuƙaƙe a bakin kasuwa, wadda kowa ke kira Yaya Mai Washi. Ka taɓa ganin mace a wannan sana'a? To, ita ma ba gada ta yi ba. Da can tela ce.

Ƙanenta guda ne a duniya, Auta, makanike. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Wata safiya aka tsince shi a bayan garejinsa, an soke shi. Kisan ya yi ƙaurin suna, rediyo da jarida ba su da zance sai kisan gareji. Wuƙar dai ba a same ta ba, sai tsininta da ya karye a haƙarƙarinsa, bai kai girman farce ba. 'Yan sanda suka nuna mata shi a 'yar leda. Ta ƙura masa ido: siriri ne, da kwarmi a gefe har zuwa baki.

"Wuƙar aljihu ce, irin mai naɗewa," in ji ɗan sandan. "Amma baiwar Allah, irinsu sun fi a ƙirga."

Daga nan magana ta bi ruwa. Yaya ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta sayar da keken ɗinkinta, ta sayi injin washi, ta zauna gun wani tsoho ta koyi aikin. Da ta kafa rumfarta sai ta ce wuƙar aljihu kyauta take wasawa.

"Haba Yaya," mahauta kan tsokane ta, "mu da muke cinikin gaske ba ragi, sai 'yan gayu?"

"Ku yi ta kanku," takan ce. "Ni na san abin da na shuka."

A hankali ta gano cewa kwarmi irin wancan sai a wuƙa mai zobe a baya, wadda sai an ja zoben take naɗewa. Ta kuma gane abu na biyu. Duk wuƙar da tsininta ya karye aka sake fiƙe shi, to ta rage tsawo, in an naɗe ta ba ta cika gidanta da ke cikin ƙota. Saboda haka duk mai zoben da ta zo hannunta, sai ta naɗe ta, ta dafa ƙarshen ƙotar da ɗan ƙaramin yatsa. Har furfura ta fito mata yatsan bai taɓa samun gurbi ba.

To, Auta yana da amini, Dogo. Ranar jana'iza ya fi kowa kuka. Bayan an kwana biyu ya auri yarinyar da aka yi wa Auta baiko da ita, Yaya da kanta ta sa albarka, har take kiran matar ƙanwata. Sun hayayyafa. Daga baya ɓarin jikin Dogo ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Rannan sai ga matar Dogo da wuƙaƙen girki a ƙunshe a tsumma.

"Yaya, haɗa da wannan. A ƙasan akwatin maigidan na tsinto ta. So nake in riƙa fere masa lemo."

Mai zobe ce. Yaya ta buɗe, ga kwarmi. Ta ja zoben, ta naɗe, ta dafa. Yatsan ya shige.

"Je ki, ƙanwata," ta ce. "Zan kawo miki da kaina, in duba mai jiki."

Ta wasa wuƙar nan har tana aske gashin hannu. Da la'asar ta isa gidan da lemo a leda, ta ja kujera gaban gadon Dogo. Matar na shiga ɗakin girki, Yaya ta buɗe wuƙar, ƙas! Idanun Dogo suka firfito.

"Ka gane ta? Ta rage tsawo, ko? Sauran yana hannun hukuma."

Ta fere lemon a nitse, ɓawon bai tsinke ba. Ta yanko, ta kai masa baki a kan tsinin. Hawaye na bin kuncinsa.

"Sha mana, aminin ƙanena. Gobe ma ina tafe."

Kuma ba ta fasa ba, kullum da la'asar. Maƙwabta sai yabonta suke. Matar kuwa takan rako ta har ƙofa tana cewa, "Allah ya bar zumunci, Yaya. Da ya ji sallamarki sai jikinsa ya hau rawa."

Ofishin 'yan sanda a kan hanyarta yake, wuƙar kuma ba ta mayar ba, tana ƙugunta. In ta miƙa, za a haɗa tsini da uwarsa, duniya ta san wanda ya kashe Auta. Amma ƙanwar tata za ta san da wa ta haifi 'ya'yanta, Dogo kuma ya fita daga hannunta. Kullum takan tsaya a ƙofar ofishin, sannan ta wuce gun mai lemo.

Kai da ka saurara, in kai ne Yaya, gobe ina za ka nufa da wuƙar nan?