Gyaɗar Miji a Ƙofar Hinda

Duk wanda ya ci kasuwar Waca a wancan zamani ya san Hinda mai ƙuli. Tana zama a gindin tsamiya kusa da rumfar mahauta, faifan ƙuli-ƙuli a gabanta, butelan man gyaɗa jere a gefe, kowanne an toshe bakinsa da guntun kara da tsumma mai tsabta. Matar wana ce, Sallau. Ni ne Mutari tela, ƙaninsa, saboda haka na fi kowa damar faɗin aibinta, kuma na yi shekaru ina faɗa mata shi a ido. Aibin ɗaya ne: in Hinda ta ce a'a, gara ka je ka roƙi tsamiyar.

Ƴar garin Bande ce. A wajen kakarta ta koyi sana'a tun tana ƙarama: a ɓare gyaɗa, a soya a kasko, a murje, a sheƙe ɓawon, a daka har ta yi laushi, a riƙa yayyafa ruwan zafi ana juyawa har mai ya taso ya bar tunkuza. Da ta zo gidanmu da turminta ta zo, kuma tun daga lokacin gidan bai rabu da ƙamshi ba. Ni dai ban taɓa sayen ƙuli ba, tunda in na shigo na ce, "Matata, mijinki ƙarami ya zo," sai ta jefo mini biyu ta ce in ɓace mata da gani.

Bayan babban farin nan, a shekarar da soja suka karɓi mulki, irin gyaɗa ya ƙare a rumbunan mutane da yawa. Aka kawo wani ta hannun kwaparatif, wato ƙungiyar manoma, an turbuɗe shi da jan gari, maganin da ke hana ƙwari cinye shi a cikin ƙasa. Don shuka aka yi shi, ba don baki ba. Amma yunwa ba ta gama sakin mutane ba, sai wasu suka riƙa wanke shi su shanya su kai kasuwa. Wani gida a ƙauyen da ke gabas da mu suka ci ƙulin irin wannan gyaɗa, aka kwashe su a amalanke zuwa gidan likita a Magariya. Allah ya kiyaye, ba a rasa kowa ba. Sai dai daga ranar mutane suka ƙaurace wa ƙuli, na kowa da kowa. Hinda, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta riƙa komawa gida da faifanta a cike.

Ba ta yi kuka ba, ba ta tsaya rantse-rantse a kasuwa ba. Ta dai ce ita da sayen gyaɗa a bakin buhu har abada. Gonar da ta gani da idonta, ita kaɗai za ta shiga turminta.

Ta kafa ƙa'idarta. Iri ya fito daga rumbun mai gona, ba ja ba. Taki ya zama na dabbobi. Kada a kaɗa wa ganye garin magani. Gonar da ta taɓa ganin magani kuwa sai ta huta da shi damina uku. Na tambaye ta inda ta samo ukun nan, ta ce, "Biyu sun yi kaɗan, huɗu kuma mai gonar ya tsufa." Ban ƙara tambaya ba.

Haka ta riƙa ɗaura zane ta bi gonaki da ƙafa, lokacin shuka da kuma dab da cira. Ta leƙa rumbu, ta tona ƙasa da yatsa, ta shinshina ganye, ta zauna hira da matan gida har su faɗi abin da maigida ya manta. In ta gamsu, sai ta tuge gindi guda, ta ɓare ɗanyar gyaɗa ta tauna a gaban mai gona, ta ce, "Na ci." Shi ke nan shaidar. Ba hatimi, ba komai, amma kafin a yi damina biyu ciniki ya dawo har ya fi na da. Masu tsire daga Magariya, har da na ƙetaren iyaka, suka riƙa aikowa a ajiye musu ƙulin Hinda don yaji. Manya-manyan magidanta masu gemu kuwa ka ji suna ba da labari a bakin masallaci, "Ai Hinda ta ci a gonata," kamar waɗanda suka dawo daga Makka.

Gona ɗaya ce ba ta ci ba, gonar mijinta.

Yaya Sallau shi ne ɗan gaban goshin malamin gona. Shi ya fara noma da shanu a unguwarmu, shi ya fara zuba angire, wato takin zamani, shi ya karɓi jan iri ya shuka kamar yadda aka ce. Da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye, ta sauko wa gyaɗa a shekara ta gaba, ta lanƙwashe ganye ta bar gonaki kamar an zuba musu ruwan zafi, shi ya fara ɗaure garin magani a tsumma ya bi sahu yana kaɗawa. Ba zan zage shi ba, domin hatsinsa ne ya riƙe mu duka a shekarun nan. Amma ƙa'ida ba ta san wannan ba. Sai ga shi matarsa tana ratsa gonarsa ta je ta sayi gyaɗar wasu maza, tasa kuwa a loda wa jaki a kai wa masu kamyo, ƴan kasuwa masu manyan motocin kaya.

Mutane ba su bar shi ya huta ba. Ya zauna a majalisa, sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Sallau, yaushe za a ci a wajenka ne?" A yi dariya, shi ma ya yi. Amma ni na san wana. Mutum ne mai shiru, abu yana cinsa a ciki kamar gara a ginshiƙi. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, a ce matar da ta yarda da kowa a gari shi kaɗai ne ba ta yarda da shi ba.

Wata rana da hantsi, ina zaune a tsakar gida ina jiran rabona, ya ce mata, "Hinda, gyaɗar nan da kike ƙi, da ita fa na auro ki."

Ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, ban ƙi ka ba, Allah ya sani. Amma in na ɗauki taka don kai mijina ne, gobe da wane baki zan hana Alkasim in ya kawo tasa? Masu sayen ƙulina ba kai suke aure ba."

Ya tashi ya fita. Da rani ya kama, sai ya ware gamana, ƴar ƙaramar gonar da ya gada wajen mahaifiyarmu, wadda ke ƙarƙashin gawo. Ya roƙi Fulani suka zauna masa da shanu a ciki. Ya je wajen wata tsohuwa, Ya Kaka, wadda ta ɓoye tsohon iri a tulu tun kafin fari, ta auna masa tiya guda. Babbar gona ya bar ta da angirenta, don ba zai yi wasa da cikin iyali ba. Wannan ƙaramar kuwa ta zama ta Hinda. Ya fara jiran damina uku, yana shukawa yana tara iri, ko ƙwaya ba ta shiga turmi.

A shekarun nan na fi jin daɗin gidan. Da la'asar ya dawo ya ba ta labarin gamana kamar labarin jariri, ita kuma ta ɗaure fuska ta ce, "To, za mu gani," tana tura masa kwanon fura.

A damina ta uku gyaɗa ta yi kyau, ta rufe ƙasa ruf. Sai darɓa ta faɗa wa waken Jibo, maƙwabcinsa ta gabas. Jibo ya fito da safe ya kaɗa magani, iska kuwa tana kaɗawa, ta kwashi garin ta watsa a gefen gamanar Sallau. Ba wanda ya gani sai su biyu, kuma ga hadari ya haɗo. Jibo ya kama hannunsa ya ce, "Don Allah ka yafe mini, ban yi da gangan ba. Ga ruwa nan zai wanke. Ban gani ba, ba ka gani ba."

Ruwa ya sauka, ya wanke. Sallau ya shigo gida a jiƙe, ya tarar da ita tana mulmula tunkuza a rumfa, ya tsaya a gabanta ya faɗa mata duka.

Ta ce, "Sahu nawa ya taɓa?"

Ya ce, "Ban sani ba. Iska ce."

Ta ajiye tunkuzar ta ce, "Ba kai ka zuba ba, ba zan mayar da kai farko ba. Amma bana ba zan ci ba. Sai baɗi."

Ranar na yi fushi da ita na gaske. Na ce mata ba ta da tausayi, na ce ko alƙali yana duba fuska. Ko ƙuli ba ta jefo mini ba. Na yi zuciya na daina shiga gidan, har sai da kwaɗayi ya mayar da ni.

Sallau kuwa ya dasa gamba a kan iyaka ta yi shinge, Jibo ya mayar da wakensa can ƙarshen gona don kunya. Damina ta zagayo, aka yi shuka. Hinda ta bi gonakin mutane kamar kullum, ba ta leƙa gamana ba. Aka zo dab da cira, Sallau ya share hanya, ya riƙa tafiya gona da riga wankakkiya kamar mai jiran sufurefe, babban jami'in mulkin yankinmu. Ta ci a gonar Alkasim, ta ci a gonar Dogo, tasa ko kallon hanyarta ba ta yi ba. Shi kuma girman kai ya hana shi tambaya. Da ya ga gyaɗa za ta fara tsiro a ƙasa, ya cire, ya shanya, ya tsinke, ya zuba a buhu. Duk ya rame.

Ran kasuwa da safe ya kira ni in taya shi ɗora wa jaki, zai kai wa masu kamyo. Mun ɗaure kenan, sai ga Hinda ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin zaure.

Ta ce, "Malam, ina za ka kai mini gyaɗa? Tun jiya na wanke turmi."

Ya ce, "Ai ba ki zo kin duba ba."

Ta ce, "In duba me? Ni ina zuwa gona ne don in gano abin da mai gona ba zai faɗa mini ba. Kai kuwa a jiƙe ka zo ka kai ƙarar kanka. Sauke min kayana, rana na yi."

Wana ya tsaya riƙe da igiya. Ni na sauke buhun ni kaɗai, har bayana ya amsa.

Ba a jima ba gwiwa ta fara damun Hinda, gonaki masu nisa suka gagare ta. Sai ta riƙa aika Sallau. Ya tafi tun da safe, ya leƙa rumbu, ya tona ƙasa, ya dawo ya tsaya a bakin rumfa. In ya ce gona ta yi, ba ta ƙara tambayarsa komai, sai ta hura wuta.