Ƙofar da Mamman Sani Ya Ɓalle Ranar Layya

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Mamman Sani mai gashin nama makwancinsa a Tibiri. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Ba ɗan'uwana ba ne na jini, bai kuma taɓa zama gabana ya ɗauki karatu ba. Maƙwabcina ne a Sabon Gari, mutumin da ya yi shekara arba'in yana juya nama a bakin wuta. Duk lokacin da Babbar Sallah ta gabato na ga hadari ya haɗo daga gabas, shi nake fara tunawa, domin ta hannunsa Allah Ya bar mini ƙanena a raye.

Mai karatu ya san al'adarmu a Maraɗi. A yanka rago, a feɗe, a kafe shi a kan itace biyu, a jera raguna kewaye da wuta a ƙofar gida, su wuni suna gasuwa. Sai washegari ake yankawa a raba wa dangi da mabuƙata. Naman da bai sha wuta sosai ba, ba ya kwana lafiya cikin damina, kuma magidancin da namansa ya lalace ya san kunyar da ke jiransa da safe.

Shekara uku kafin rasuwar Sani, layya ta faɗo a cikin damina. Ƙanena Lawali, wanda ke noma a Jiratawa, ya zo ya yi Sallah a gidana, muka kafe raguna huɗu. Bayan azahar gari ya yi duhu, iska ta taso. Naman bai kai rabin gasuwa ba. Muka kwashe garwashin cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe, muka ja shi cikin garejin gidana, muka jingina ragunan da bango. Itacen ya jiƙe, sai Lawali ya zuba gawayi. Ruwa ya riƙa feshi ta ƙofa yana taɓa naman. Ni ne na ce a rufe. Lawali bai so ba, na ce masa gawayi ne, ba shi da hayaƙi. Na ja ƙofar ƙarfen da hannuna, ya sa sakata daga ciki saboda iska, ni kuma na fita ta ƙaramar ƙofar cikin gida na turo ta.

Na zauna a ɗakina ina jiran la'asar, ina sauraren ruwa a kan kwano. Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Sai na ji ana dukan ƙarfe da ƙarfi, ana kiran sunan Lawali, ba a amsawa.

Sani yana da wata ɗabi'a da muke yi masa dariya a kanta. Da hadari ya sauka ranar layya, sai ya bar wutarsa ya bi layinmu gida-gida cikin ruwa. Ya zo ƙofata ya ga toka, bai ga raguna ba, ya ga gareji a rufe. Kafin in zagayo ya sa taɓarya ya ɓalle sakatar. Muka tarar da Lawali zaune a ƙasa, ya jingina da bango, wuƙa a cinyarsa, kamar wanda gyangyaɗi ya kwashe. Na yunƙura zan durƙusa kansa in yi masa tofi, Sani ya riƙe mini hannu.

"Malam, kama ƙahwahunai mu hidda shi. Addu'ar a yi ta waje."

Muka shimfiɗe shi cikin ruwan sama. Yana numfashi, amma ko an girgiza shi ba ya motsi. Titi ya zama rafi, babu mota. Sani ya tare wani ɗan kabu-kabu da ya fake da babur ɗinsa a rumfa, suka sa Lawali a tsakiyarsu, ni na bi su da ƙafa ina ambaton Allah, ruwa har ƙwauri. A hanyar nan na yi ta tuna abin da na shekara talatin ina karantarwa, cewa kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya. Na san mas'alar da hujjojinta, amma ban gane ta ba ranar da ta zo mini a siffar rago huɗu da ƙofa ɗaya.

Sai gab da magariba Lawali ya buɗe ido. Likita ya ce iskar gawayi ce, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma da an ƙara jinkiri kaɗan da labarin ya sauya. A barandar asibitin Sani ya gaya mini cewa haka wansa ya rasu a Tibiri, a ɗaki rufe da kaskon wuta. Bai ƙara ko kalma ɗaya ta zargi ba. Ya koma ya kwashe ragunan ya ƙarasa gashinsu a rumfarsa, da safe aka raba.

Daga baya na je na duba rumfar nan da idon ɗalibi. Kwanonta can sama, nesa da harshen wuta. Gefe uku a buɗe, zana a gefen gabas kawai inda iska ke shigowa. Murhunsa bisa tudun bulo don kada ruwan titi ya taɓa shi. Busasshen itace a ajiye tun kafin Sallah. Ba ya hura wuta ƙarƙashin wayar kuran, wato lantarki, kuma bai taɓa yarda a kawo kwalbar fetur kusa da itacen da ya ƙi kamawa ba.

Da Sani zai leƙo Maraɗin yau, ban san me zai ce ba. Gidajen sun zama na siminti da gilashi, iska ba ta ratsa su kamar zaurukan dā. Fetur yana kowace kusurwa, kuma na ga masu yayyafa shi a jiƙaƙƙen itace suna ja da baya suna dariya. Abin da ya fi damuna shi ne Sallah tana matsowa kowace shekara, ta kusa fita daga damina. Za a manta. Ranar da za ta sake komowa cikin ruwa, ni da duk wanda ya san Sani muna ƙasa.

Bara ranar layya hadari ya sake kama mu da rana. Na ɗauki laima da sandata na bi layin. A gida na biyar na tarar da wani magidanci yana jan ƙofar shagonsa, tano na ci a ciki, matarsa na juya nama. Na ce ya bar ta a buɗe. Ya amsa cikin ladabi:

"Ai Baba Malam, gawayi ne, ba ya hayaƙi."

Ban yi masa wa'azi ba. Na sa sandata a bakin ƙofar, na tsaya a wurin har ruwan ya ɗauke. Ya Allah, Ka rubuta ladan tsayuwar nan ga Mamman Sani.